Ƙaramin injin Stirling ko ƙarin batir: wa ya taɓa fita sintiri da shi?

SajenSigina: Assalamu alaikum. An ce in ba da shawarar abin da za a sayo wa rukuninmu don sintirin kwana uku a ƙafa. Oba-oba, GPS, tabaran dare, duk batir suke ci, nauyin ya ishi yaran. An kawo maganar injin Stirling don cajin batir, injin da wutarsa ke ci daga waje, ta zafafa iskar da ke kulle ciki, iskar ta tura fistin. Wanda ya taɓa goya shi nake son ji.

Kofur: Oga, a sayi farantin sola mai naɗewa kawai.

SajenSigina: Da dare muke tafiya, da rana mu ɓuya a inuwa.

TsohonSamanja: Saje, ni na riƙe shi. Shiru kam yana da shi, kuma dizal da kananzir duk yana sha. Amma sai kansa ya ɗau zafi yake ba da wuta, muna cikin wannan jira oba-oba ta mutu. Daga baya ƙarfinsa ya dinga raguwa, aka ce iskar da ke kulle cikinsa, wato hiliyom, ce ke zurarewa. Makanikinmu ya juya shi, ya sake juyawa, babu inda zai sa sifana, an liƙe shi da walda. Yaron da ya goya shi igiyar jaka ta saɓule masa kafaɗa. Kamfanin ya ce a aiko, har na yi ritaya bai dawo ba.

Injiniya: Baba, naku ne ya samu matsala. Tun 1816 Robert Stirling ya yi rajistarsa, kuma jiragen yaƙin ƙarƙashin teku na Sweden, samfurin Gotland, suna amfani da shi saboda shirunsa.

TsohonSamanja: Ɗana, jirgi ba a baya ake goya shi ba. Ka taɓa kwana a rami?

Injiniya: Ban taɓa ba, amma lissafi bai san rami ba. Litar mai ta fi batir mai nauyinta makamashi nesa ba kusa ba.

MaiSito: Kuɗinsa fa? Wanda aka nuna mana ya ninka janareta sau uku.

TsohonSamanja: Uku? Namu ya kusa kuɗin mota.

Kofur: In dai kansa na zafi haka, a ɗora butar shayi, jifa ɗaya tsuntsu biyu 😂

SajenSigina: Zafin nan ne ma damuwata. Kyamarar gano zafi ba za ta hango mu ba?

MaiSito: Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, kowace na'ura da irin batirinta da bakin cajarta. Ko an kawo injin, wace waya za ta shiga wace? Masu sayo kayan nan sun taɓa tambayar wanda zai ɗauka kuwa?

TsohonSamanja: Ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Bari in ba ku labarin cajojin da aka taɓa aiko mana.