Yaya Faransawan ƙarni na 19 suka ɗauki karuwanci: laifi ne ko sana'a?

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga malamai a kan wani abu da ya ɗaure mini kai game da Faransa ta ƙarni na 19. An ce a Paris hukuma ce da kanta take ba gidajen karuwai izinin buɗewa, amma kuma hukumar nan ita ce take kama matan tana kulle su. Shin jama'ar wancan zamani sun amince da karuwanci ne, ko kuwa ƙyamarsa suke yi?

Malam Tanimu:
Wa alaikumus salam, Malama. Duka biyun ne, kuma a wurinsu babu cin karo a tsakani. Dokar laifuffuka ta 1810 ba ta sanya karuwanci kansa cikin laifuka ba, sai aka bar sha'anin a hannun wani sashe na 'yan sanda mai kula da ɗa'a. Su ne suke yi wa mace rajista, su ba ta kati idan zaman kanta take yi, ko su rubuta ta a ƙarƙashin wata magajiya mai gida, sannan su wajabta mata zuwa gaban likita a kai a kai domin a duba ko tana ɗauke da tunjere. Wadda aka samu da cutar, ko ta karya ƙa'idar tsayuwa a titi, ana iya tura ta kurkukun mata na Saint-Lazare ba tare da ta ga alƙali ba, domin hukuncin ofis ne, ba na kotu ba.

Wanda ya fi kowa bayyana tunanin da ke bayan wannan tsari shi ne likita Alexandre Parent-Duchâtelet, wanda littafinsa a kan karuwanci a birnin Paris ya fito a 1836, shekarar da ya rasu. Kafin nan ya yi suna ne wajen binciken magudanan ƙazanta na birnin, kuma da wannan idon ya dubi karuwanci: abu ne mara daɗi wanda babban birni ba zai rabu da shi ba, saboda haka sai a yi masa hanya, a rufe shi, a sa masa ido. Abin da ya kamata a lura da shi, shi kansa ya nuna cewa talauci ne babban abin da ke jefa matan cikin sana'ar, domin ladan mai ɗinki ko mai wanki bai isa ya riƙe ta ba. Duk da haka, maganin da aka zaɓa shi ne katin 'yan sanda, ba ƙarin lada ba, kuma namijin da yake biya ba a taɓa tilasta masa zuwa gaban likita ba.

Hajiya Rabi:
Malam Tanimu ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ya tsaya ga talakawan mata, alhali akwai wani ɓangare da ke nuna munafuncin zamanin a fili. Kilakan da attajirai da masu sarauta suke ɗaukar nauyinsu ba su san layin likitan 'yan sanda ba. A gidan wasan kwaikwayo ake ganinsu cikin ado, jaridu suna labarin karusansu. Ɗaya daga cikinsu, Marie Duplessis, wadda ta rasu a 1847 tana da shekara 23, ita ce marubuci Alexandre Dumas ƙarami ya gina labarinsa na 1848 a kanta, jama'a suka yi ta zubar da hawaye domin tausayi. Amma da mai zane Manet ya nuna zanensa na wata kilaki, mai suna Olympia, a 1865, inda matar take kallon mai kallonta ido cikin ido ba tare da alamar nadama ba, sai gari ya ɗauki surutu. A ganina, sun yarda su tausaya wa wadda ta tuba ta mutu, ba su yarda a tuna musu cewa ciniki ne kuma su ne masu saye ba.

Malam Tanimu:
Gaskiya ne, Hajiya, sai dai kada mu ɗauka kowa ya yi shiru. Josephine Butler, mai fafutukar kare haƙƙin mata daga Ingila, ta je Paris a 1874 tana sukar tsarin, kuma ɗan jarida Yves Guyot ya sha ɗaurin wata shida saboda caccakar 'yan sandan ɗa'a, waɗanda a wasu lokuta suke kama matan da ba ruwansu da sana'ar. Tsoron tunjere, wanda likitoci irin su Alfred Fournier suka yi ta gargaɗi a kansa, ya taimaka wajen tsawaita rayuwar tsarin, har sai a 1946 aka yi dokar rufe gidajen.

Ɗalibar Tarihi:
Na gode, Malam da Hajiya. Saura tambaya ɗaya: matar da aka riga aka rubuta sunanta, tana iya fita daga rajistar kuwa?

Malam Tanimu:
Tana iya nema, musamman idan ta yi aure ko ta nuna ta samu aikin da zai riƙe ta, amma amincewa tana hannun 'yan sanda. Saboda haka da yawa ba sa jira, sai su sauya unguwa su ɓace daga idon hukuma.