Jangir Agha: jarumin ƙasa ne ko sarkin yaƙin ƙabilarsa?

Ɗan Tarihi: Ni dai ban yarda da kiran Jangir Agha jarumin Armeniya ba. Bayazide ne, wato mabiyin addinin Yazidawa, daga yankin Van da ke Turkiyya ta yau, ya kare mutanensa, shi ke nan. Kowane sarkin yaƙi haka yake yi.

Malamin Firamare: Haba ƙanena! A watan Mayun 1918 sojojin Daular Usmaniyya sun nufo Yerevan, babban birnin Armeniya. A Bash Abaran aka tare su ƙarƙashin Dro, kwamandan Armeniyawa, kuma Jangir Agha yana wurin da ɗaruruwan mahayansa Yazidawa. A ranar 28 ga watan nan aka ayyana jamhuriyar Armeniya. Wanda ya sa wuyansa a makon da aka haifi ƙasa, wane suna za ka ba shi?

Ɗan Tarihi: Malam, wuta ce ta kama gemun kowa. Yazidawan ma korarsu aka yi daga garuruwansu. Da Yerevan ta faɗi, ina za su? Kansa ya ceta.

Hajiya Babba: To su Armeniyawan da suka yi yaƙin, kan wa suka ceta? Ɗana, ba ka raba masu kashe gobara ka ce wannan don ɗakinsa ya ɗebo ruwa.

Mai Shayi: Ni tambayata daban ce. Ba Bakurde ba ne? Kurmanci fa yake yi, harshen Kurdawa.

Malamin Firamare: Nan ka taɓo inda ke ƙaiƙayi. Kurdawa na cewa nasu ne saboda harshe. Yazidawan Armeniya da yawa kuwa sun ce su al'umma ce mai zaman kanta, har harshen ma Ezdiki suke kiransa. Su ne tsiraru mafi yawa a ƙasar, sama da 35,000 a ƙidayar 2011.

Ɗan Tarihi: In jarumin ƙasa ne, me ya sa aka kama shi a 1938, ya mutu a Saratov ta Rasha a 1943?

Hajiya Babba: Gwamnatin Stalin ce ta kama shi, ba jamhuriyar da ya yi wa yaƙi ba. Ita tun 1920 ta rushe. Shi kansa Dro gudun hijira ya yi, a Amurka ya rasu.

Ɗan Tarihi: Wannan na karɓa, Hajiya. Amma jarumin Yazidawa zan ci gaba da ce masa.

Mai Shayi: Ka ce masa haka, ba wanda ya hana. Malam, shi kuma Usub Bek, wani jagoran Yazidawa da aka ce ya yi yaƙin Sardarapat a watan nan na Mayu, fa?