Neman shawara: injin zartona ya hana layi tsayuwa

Assalamu alaikum iyayen gidana kafintoci. Ina da ƙaramin injin zarto mai siririn baki, irin na yanka haruffa da ado a falanki, a shagona da ke Gwammaja. Da ƙaramin gudu lafiya lau, amma da na murɗa shi ya haura bugu 1,000 a minti, sai teburin ya kama rawa, fensir ya gangaro ƙasa, layin da nake bi ya rabu biyu a idona. Bakin zarton ma yawan karyewa yake.

Teburin na farin katako ne marar nauyi, daɓen simintin kuma ba daidai yake ba. Na shimfiɗa robar taya a ƙarƙashin injin, ƙara ta ragu, girgizar tana nan. Na aza buhun yashi a ƙasa, ya ɗan taimaka kaɗan.

Yanzu sabon tebur nake so in yi wa injin, wanne ya fi: in sayo maɗaci mai kauri a 'Yan Katako ta Na'ibawa, ko ƙarfe a Ƙofar Ruwa mai walda ya haɗa mini? Raina ya fi kwanciya da katako, don ƙarfe amo gare shi. Kuma da gaske ne mai ƙafa uku ba ya tangaɗi a irin wannan daɓe? Injin fa, in ɗaure shi tamau da noti, ko in bar roba a tsakani?

Allah ya saka da alheri.