Neman shawara: bangon falona ya yi fayau, me zan rataya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun tare a gidan haya a Kano, falon na da dogon bango bayan babbar kujera, farin fenti ne kawai a jikinsa. Ina son adon zamani wanda ba tarkace, amma maigida ya ce ban da hoton mai rai, mai gidan hayar kuma ya hana a fasa masa bango. Na zaga kasuwa, duk firem iri ɗaya ne, furen roba da ruwan gwal, gidan kowa ka shiga shi za ka gani. Yayata ta ce in manna takardar bango mai 3D. Don Allah ku ba ni shawara, kuɗina ba su da yawa.

Wata daga Zariya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kuɗin da za ki kashe a ƙananan firem shida, ki haɗa su ki sa a yi miki zane guda ɗaya babba, na hannu. Sharaɗin maigida ba matsala ba ne ko kaɗan, domin adonmu na gado ma ba ya bukatar fuskar kowa. Dubi gaban fadar Sarkin Zazzau: dagi ne, da da'ira, da layuka masu sarƙe juna, launi na zaune kusa da launi. Masu zanen yanzu wannan suke ɗauka su zuba a kan kyalle, su rage launukan zuwa biyu ko uku, sai ya fito tamkar yau aka ƙirƙiro shi. Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen koyar da zane mai tsohon tarihi, ɗaliban wurin ne, tun kafin makarantar ta zama jami'a, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, da niyyar haɗa fasahar gida da ta zamani. Har yau ɗalibai na karɓar aiki, farashinsu kuma da sauƙi. Ki tura wa mai zanen hoton kujerunki da labulenki kafin ya fara. Faɗin zanen ya kai kamar kashi biyu cikin uku na tsawon kujerar, tsakiyarsa kuma ta zo daidai idon mai tsaye. Mutanenmu na son rataye abu can kusa da silin, wallahi abin na ɓata min rai, sai mutum ya ɗaga kai kamar mai duban wata.

Wani kafinta: Hajiya, ki bar maganar takardar nan. Gidan haya ne, idan bangon na tsotsar ruwa da damina za ta kumbura ta ɓare, ranar tashi kuma ke za ki biya kuɗin fenti. Ƙusa biyu sun isa riƙe babban firem, ramin kuma cike shi ba wuya.

Wata daga Kano: Ni fa ban ga laifin shawarar yayarki ba, tawa na nan lafiya. Amma in ba kya so, ga hanya mai araha: ki je marinar Ƙofar Mata ki sayi rinin shuni, ki zaɓi wanda farin zanen ɗaurinsa ya fito sosai, kafinta ya ɗame shi a kan katako. Shuɗin nan mai duhu a kan farin bango, ba a magana. Sai dai kar rana ta riƙa dukansa ta taga, zai koɗe.

Wata daga Damagaram: Mu nan faifai muke jerawa, manya da ƙanana, ba a layi ba, a tattare wuri guda. Ki shimfiɗa su a ƙasa tukuna ki ga yadda suka zauna. A kasuwar Kurmi za ki samu, har da tum-tum na fata. Ki tuna da ƙurar hunturu dai, faifai na riƙe ta, sai da kakkaɓewa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kujeruna ruwan toka ne, labulen ruwan madara. Anti ta Zariya, wane launi zan ce a sa?

Wata daga Zariya: Jan ƙasa da shuɗi mai duhu, da ɗan baƙi a layukan. Ki nemi ya fara nuna miki ƙaramin samfuri a takarda, rabin kuɗi kuma za ki bayar har sai kin ga aikin.