Macijin masara mai baƙon launi a daji: abin da muka gani da abin da kiwo ya nuna

Mazaunin Fulorida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattara abin da kowannenmu ya gani da idonsa game da haɗuwa da macijin masara a daji wanda launinsa ya bambanta da na 'yan uwansa, da kuma yadda ta kaya ga waɗanda suka nemi samun 'ya'ya daga irinsa. Ga wanda bai san shi ba, maciji ne marar dafi da ke rayuwa a kudu maso gabashin Amurka, tun daga kudancin jihar New Jersey har tsibiran da ke ƙarshen Fulorida, ya kuma yi yamma har Luwiziyana. Masana suna kiransa Pantherophis guttatus. Wanda aka saba gani jikinsa ruwan goro ne ko ruwan ƙasa, da manyan tabo jajaye a gadon baya, kowane tabo da baƙin zobe a kewaye, cikinsa kuwa fari da baƙi ne gida-gida. Ina roƙon masu karatu daga gida su lura cewa ba a samun wannan maciji a dazukan Afirka, saboda haka kada wani ya ga mai kama da shi a gona ya kai hannu.

Ni dai a yankin Immokalee na kudu maso yammacin Fulorida na ɗaga wani tsohon kwano a gefen gona, na tarar da ɗaya a naɗe a ƙarƙashinsa. Zanen jikinsa na macijin masara ne sak, amma babu ɗigon ja ko ɗaya, toka-toka ne da tabo baƙaƙe, sai ɗan rawaya a gefen wuya. Na ɗauki hotonsa na mayar da kwanon yadda na same shi. Tambayata ita ce, da na ɗauke shi, shin 'ya'yansa za su fito kamarsa?

Malama mai koyar da ilimin halittu, Karolina ta Arewa

Wa alaikumus salam Malam. Abin da ka kwatanta sananne ne a wannan yanki, domin kudu maso yammacin Fulorida na cikin wuraren da aka daɗe ana samun macijin masara marar ja a daji, kuma rawayar da ka gani a wuyansa takan bayyana ne idan ya fara girma. A fatar wannan maciji akwai ƙwayoyin launi iri uku: masu ba da baƙi, da masu ba da ja da rawaya, da masu mayar da haske. Idan ja ya ɓace sai a samu irin wanda ka gani, idan kuma baƙi ne ya ɓace sai a samu zabiya mai jan ido, jikinsa ja da ruwan goro da fari.

Amsar tambayarka ita ce, da wuya 'ya'yan farko su yi kama da shi. Wannan gado ɓoyayye ne, ba ya fitowa fili sai ɗa ya karɓe shi daga uwa da uba duka. Labarin zabiya na farko ya nuna hakan ƙarara. A shekarar 1953 aka kama wani namiji zabiya a nan Karolina ta Arewa, daga baya ya shiga hannun Dakta Bernard Bechtel, wani likitan fata mai sha'awar macizai. Da ya haɗa shi da mata masu launin da aka saba a 1959, 'ya'yan duk sun fito da launin uwayensu. Sai da ya raini waɗannan 'ya'ya ya haɗa su da juna, sannan aka samu zabiyoyi na farko da aka ƙyanƙyashe a hannun ɗan Adam a 1961. A 2015 kuma masu bincike a Jami'ar Geneva, ƙarƙashin Michel Milinkovitch, suka gano cewa rashin baƙin yana faruwa ne saboda wani tangarɗa a ƙwayar gado mai suna OCA2.

A ɗakin gwajinmu muna da mace da namiji da ba su da wata alama ta zabiya a ido, amma kowannensu yana ɗauke da gadon a ɓoye. Lissafi ya ce kowane ƙwai yana da damar kashi 1 cikin 4 ya fito zabiya, kuma a cikin waɗanda suka fito da launin da aka saba, 2 cikin 3 suna ɗauke da gadon ba tare da an iya bambance su ba. Abin da na fi so ɗalibai su gani shi ne cewa lissafin ba alkawari ba ne, domin akwai shekarar da zabiyoyi suka yi yawa, akwai kuma shekarar da aka ƙyanƙyashe ƙwan duka ba a ga ko ɗaya ba. Wanda ya yanke hukunci da ƙwan shekara ɗaya ya yi gaggawa.

Ɗan Jojiya

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, Allah Ya ƙara sani. Ni abin da na gani ya koya mini cewa ba kowane toka-toka ne marar ja ba. Maƙwabcina ya taɓa kirana in zo in ga wani maciji a bayan ɗakin ajiyarsa, yana cewa bai taɓa ganin mai irin wannan launi ba. Da na matsa kusa sai na ga jikinsa ya dushe kamar an yayyafa masa toka, idanunsa kuma sun yi shuɗi-shuɗi, sun rufe da hazo, alamar yana dab da yin saɓa. Bayan kamar mako guda muka tarar da saɓar maƙale a jikin itacen girki, shi kuma yana kwance kusa da ita ja wur, babu abin da ya raba shi da sauran. Saboda haka idan mutum ya ga baƙon launi, ya fara duban ido. Haka kuma jarirai kan fito da duhu, ja da ruwan goro suna ƙaruwa ne daga saɓa zuwa saɓa.

Akwai kuma batun doka, wanda bai kamata a tsallake ba. A nan Jojiya an hana ajiye macizan jihar marasa dafi a gida ba tare da izini ba, macijin masara yana cikinsu, a New Jersey kuwa yana cikin dabbobin da jihar ta ayyana cewa suna fuskantar barazanar ƙarewa. Sannan mutane da yawa suna rikita shi da wani maciji mai dafi da Amurkawa ke kira copperhead, wanda zanen bayansa yake da faɗi a gefe, ya tsuke a tsakiya. Wanda bai iya rarrabe su ba ya tsaya nesa ya ɗauki hoto.

Mai kiwo daga Karolina ta Kudu

'Yan uwa, ni na bi wannan hanya har ƙarshenta, zan kuma faɗi yadda ta kasance dalla-dalla domin wanda yake shirin shiga ya san nauyin da zai ɗauka. Wani manomi ya ba ni wata mace da ya tsinta a rumbunsa. Tana da ja, tana da baƙi, amma baƙin zoben da ke kewaye da tabon ya sirance ƙwarai har ya kusa ɓacewa, jikin kuma ya yi haske fiye da duk wanda na taɓa gani a yankinmu. Abin ya fi ɗaukar hankalina ne saboda jiharmu ta yi suna da akasin haka. Macizan gundumar Jasper, waɗanda ake kira Okeetee da sunan wata ƙungiyar mafarauta da ke can, an san su da ja mai zurfi da baƙin zobe mai kauri, kuma tun bayan da Carl Kauffeld ya yi rubutu a kansu a 1957 masu neman macizai suke tururuwa zuwa wurin.

Abu na farko da na yi shi ne killace ta a ɗaki dabam na wasu watanni, da kayan aikinta dabam, aka kuma duba kashinta a wurin likitan dabbobi, domin na daji yakan zo da tsutsar ciki da ƙananan ƙwari masu maƙalewa a ƙarƙashin ɓawon fata. Ban haɗa ta da namiji a shekarar farko ba, saboda mace tana iya ajiye maniyyin namijin da ta haɗu da shi a daji na tsawon lokaci, kuma idan ta yi ƙwai da shi ba za ka san uban 'ya'yan ba, lissafinka duka ya rushe. Da hunturu ya zo sai na daina ba ta abinci har cikinta ya zama wayam, sannan na sauke zafin wurin zuwa tsakanin digiri 10 da 16 a ma'aunin Celsius na kimanin wata 2 zuwa 3. Bayan an dawo da ɗumi ta ci ta ƙoshi ta yi saɓa, na saka mata namiji mai launin da aka saba. Takan sake yin saɓa kamar kwana 10 zuwa 14 kafin ta saka ƙwai, a lokacin ne ake ajiye mata akwati mai danshi. Ƙwan fari ne, ɓawonsa mai laushi kamar fata, yakan manne da juna, kuma ba a juya shi. A zafin kusan digiri 28 yakan ɗauki kimanin wata 2, sannan ka ga an tsaga ɓawon da siririn yanka, ɗan kai ya leƙo yana fitar da harshe, wani lokaci ya yini a haka kafin ya fito.

'Ya'yan farko duk sun fito da launin da aka saba, ban kuma damu ba, domin haka Malama ta bayyana. Na raine su har suka isa barbara. Ƙa'idar da yawancin masu kiwo ke bi ga mace ita ce shekara 3 da nauyin giram 300 da tsawon ƙafa 3, ban ga dalilin yi mata gaggawa ba, domin ƙwai yakan maƙale a cikin ƙaramar mace. Na haɗa su da juna, na kuma mayar da ɗa namiji ga uwar, wanda da gadon ɓoyayye ne guda ɗaya, da kusan rabin 'ya'yan sun yi kama da ita. Abin da na samu shi ne jeri daga masu ɗan haske zuwa masu duhu, babu wani rukuni da ya ware a fili. Na maimaita a wata shekara, sakamakon bai sauya ba. Hukuncin da na yanke shi ne haskenta ba daga ƙwayar gado ɗaya ya fito ba, tarin ƙananan gado ne, irin wanda ake ƙarfafawa ta hanyar zaɓen mafi kyau a kowane zuri'a, kamar yadda ake yi da Okeetee. Tana nan a hannuna lafiya lau, kuma ban taɓa sayar da ɗanta da sunan sabon launi ba, domin yin haka yaudara ce.

Matashi daga Mayami

Yaya, na ji bayaninka, amma ina ganin kada ya karya wa mutane gwiwa. Ai launin da masu kiwo ke kira Palmetto ma a jiharku aka tsinci asalinsa a daji a 2008, namiji fari fat da ɗige-ɗigen launi, kuma da Don Soderberg ya kiwata shi sai ya tabbata gado ne. Da yawa daga cikin launukan da ake sayarwa yau, kowannensu daga wani maciji guda mai baƙon kama ya faro.

Nawa gwajin da 'yan yankinmu ne, masu jiki ruwan azurfa da tabo ja. Matsalar da na fuskanta ba ta launi ba ce, ta ci ce, domin jariransu ƙanana ne kuma wasu sun fi son ƙadangare, suka ƙi karɓar jaririn ɓera sai da na goga masa warin ƙadangare.

Mai kiwo daga Karolina ta Kudu

Gaskiyarka ƙanena, Palmetto hujja ce mai ƙarfi. Sai dai ka lura cewa shi ma ba a kira shi sabon launi ba sai bayan da zuri'a ta tabbatar, kuma ana jin labarinsa ne saboda ya yi nasara. Waɗanda suka ƙare kamar tawa ba wanda yake ba da labarinsu.

Hajiya mai aiki a asibitin dabbobi

Ina so in ƙara abin da muke gani a wurin aiki, domin tabbatar da gado ɓoyayye yana tilasta haɗa 'yan uwa na kusa, kuma launi ba shi kaɗai yake ɓoye a jini ba. An taɓa kawo mana wasu jarirai daga ƙwai ɗaya, launinsu gwanin kyau, amma wasu daga cikinsu idan an taɓa su sai su karkata kai sama, su yi ta tangaɗi, idan kuma aka kwantar da su rigingine sai su daɗe ba su juyo ba. Wannan larura ce ta jijiya da masu kiwo suka sani, an fi danganta ta da zuri'ar da ake kira Sunkissed, kuma ita ma gado ce ɓoyayya, iyayen ba sa nuna komai. Masu larurar suna iya ci su rayu, amma bai dace a ci gaba da haɗa iyayen ba, kuma haƙƙin mai saye ne a gaya masa cewa 'yan uwansu masu lafiya na iya ɗauke da ita.

Abu na biyu shi ne makomar 'ya'yan da ba su fito da launin da ake nema ba, waɗanda su ne mafi yawa. Mace ɗaya tana iya saka ƙwai 10 zuwa 30, kuma macijin masara a hannun mai kula yana iya haura shekara 20. Wani ya taɓa tambayata ko zai iya sakin ragowar nasa a daji tunda asalinsu can ne. Na ce masa a'a, domin suna iya kai wa na daji cutar da suka ɗauka a ɗakin kiwo, suna kuma gauraya jinin wani yanki da na wani, ga shi zabiya da masu haske tsuntsaye masu farauta sun fi saurin hango su. Shawarar da nake ba duk wanda ya zo mana da niyyar fara kiwo ita ce ya rubuta asalin kowane maciji da gundumar da aka samo shi da sunan iyayensa a littafi, kuma ya san inda zai kai kowane jariri tun kafin ya saka namiji a akwatin mace.