Kyautar fiziks kafin a ga hujja: cinikin biri a sama ne?

Alhajin Mile 12: Jama'a, yaron wajena ya karanta mini wani labari ɗazu, har yanzu abin na cina. Wai a 2019 an raba wa wasu masana uku dala miliyan 3, kyautar Breakthrough, saboda wani lissafi da suka yi tun 1976 mai suna sufagirabiti, wai kan ƙarfin da ke jawo abu ƙasa, alhali har yau ba na'urar da ta tabbatar da shi. Ni ko kwandon tumatir ne sai na ɗaga na sama na leƙa na ƙasa kafin in ƙirga kuɗi. Wannan ai cinikin biri a sama ne.

Malamin Agege: Alhaji, maganarka na kan hanya. Masu kyautar Nobel ma haka suke, gani ya kori ji. Peter Higgs ya kawo hasashensa na cewa akwai wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya a 1964, sai 2012 aka gano ƙwayar a cibiyar binciken fiziks ta CERN da ke Turai, sannan a 2013 aka karrama shi tare da François Englert.

'Yar Akoka: Malam, ka tsallake mutum ɗaya. Robert Brout, wanda suka rubuta takardar tare da Englert, ya mutu a 2011, saura shekara guda a gano ƙwayar. Shekara 47 yana zaman jira, ga shi Nobel ba a ba mamaci. Haka Stephen Hawking: a 1974 ya lissafo cewa baƙin ramin sararin samaniya yana fitar da wani ɗan zafi, ba a iya aunawa ba har ya mutu a 2018, Nobel ta wuce shi. Laifin kansa ne, ko na na'urar da ba a ƙera ba tukuna?

Alhajin Mile 12: Allah sarki. To 'yata, in lissafin ya tashi ƙarya fa? Za su dawo da kuɗin?

'Yar Akoka: Baba, ba dawowa. Ai ba amfanin gona aka biya ba, garmar aka biya. Wasu na ɗaukar lissafin su yi wani aikin da shi. Edward Witten masanin fiziks ne, amma a 1990 masana lissafi da kansu suka ba shi lambar Fields, babbar lambarsu. Kuma akwai lambar Dirac, ta cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da Abdus Salam ɗan Pakistan ya kafa a Trieste ta Italiya. Tun 1985 ake bayar da ita, ana sanarwa ran 8 ga Agusta, ranar haihuwar Paul Dirac, masanin fiziks ɗin da aka sa wa lambar sunansa, kuma wanda ya riga ya ci Nobel ba ya ciki.

Malamin Agege: Lambar na yarda. Kuɗin ne ya tsaya mini a wuya. Dattawa uku, sunansu ya riga ya kewaya duniya, a ƙara musu. Kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a nan gida Najeriya dala 100,000 ce, lissafa sau nawa ke nan. Ni kuwa a makarantarmu, gwajin lilo da zaren ɗinki da dutse nake nuna wa yara, agogon wayata muke dubawa.

'Yar Akoka: Sau 30, Malam. Amma kuɗin attajirai ne irin su Yuri Milner, ba daga kason makarantarku aka cira ba.

Alhajin Mile 12: To shi ke nan, mai kuɗi ya ga dama. Ni dai da nawa ne sai na leƙa ƙasan kwandon. Motar Kano ta shigo, sai da safe.