Wa zan kai ƙara, mai kayan ko manhajar?

Salam jama'a, dan Allah lauyoyi a taimaka min. Ina haɗa turaren wuta da humra a nan Kano, shagona yana Kantin Kwari, tambarina kuma na yi masa rajista a Abuja. Kwatsam sai ga wani yana sayar da jabu a wata manhajar saye da sayarwa, sunana da tambarina, har hotunan da na ɗauka da wayata ya kwashe, kwastomomi sai kirana suke wai kayana sun lalace.

Sau 3 ina tura wa kamfanin ƙorafi, shiru kake ji, ƙarshe suka ce su dillalai ne kawai, alhali kowane ciniki suna cire kamashonsu.

Na san dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba da damar a sa su sauke hotunan, to tambarin fa? A Amurka manhajar saye da sayarwa ta eBay ta ci kamfanin kayan ado na Tiffany a kotu a 2010 saboda tana sauke jabu in an sanar da ita, waɗannan kuwa ko gezau. Zan iya haɗa su duka a Babbar Kotun Tarayya? Mutumin ko adireshinsa ban da shi wallahi.